Fagen Littafi: Aljanu Sun Watse, Malam Zurƙe Yana Nan Zaune

Akwai wata gardama da ba ta tsufa a tsakanin masu karatun littattafan hira, tun daga rumfunan kasuwar Maraɗi har zuwa inuwar da ma'aikatan Yamai ke shan shayi in an taso daga buro. Gardamar a kan labaran al'ajabi ce, wato irin littattafan nan da ake cin karo da aljanu a cikinsu, da bokaye, da sadaukin da ke tarar runduna shi kaɗai, da tsuntsun da ke sungumar mutum ya ƙetare teku da shi. Wani kashi na masu karatu sun ce a irin wannan littafi labari shi ne kaya, harshe kuwa jaki ne kurum, kuma muddin kaya sun iso kasuwa ba mai tambayar ko jakin gurgu ne. Ɗaya kashin sun ce faufau, littafin da aka rubuta da Hausar ganin dama bai cancanci sunan littafi ba, ko da aljanu dubu aka zuba a cikinsa. Na farko sun fi yawa, kuma su ke fitar da kuɗi. Na biyu sun fi ɗaga murya.

Maganar ta wuce ta ɓata lokaci a bakin shayi. Ɗan kasuwar da ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya, ko ta Matamaye da Daura, ya saro littattafai daga Kano, jarinsa ne ke kwanciya in ya ɗauko wanda ba zai fita ba. Ma'aikacin da ya tsame jika ɗaya ko biyu daga albashinsa ya saya wa ɗansa littafin Hausa, burinsa shi ne kada Hausar yaron nan mai koyon Faransanci a lakwal ta tsaya a ta aike da cefane. Sau da yawa kuma littafin da ya fara faɗawa hannun yaro yana ɗan shekara goma sha biyu shi ke yanke hukuncin ko zai ƙara buɗe wani har ya tsufa.

Abin farin ciki, wannan shari'a tana da shaidu, kuma shaidun sun haura shekara 90 a duniya.

A cikin 1933 wani Bature mai suna Dokta Rupert East, wanda ke riƙe da Hukumar Talifi a Zariya, ya zagaya biranen arewacin Nijeriya yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, aka shirya gasa a kan haka. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Biyun farko su ne suka shiga duniyar aljanu da ƙafa biyu, kuma wa da ƙane ne suka rubuta su, domin Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, yayan Imam ne. Shi Imam an haife shi a 1911, ke nan yana ɗan shekara 22, yana karantarwa a makarantar Midil ta Katsina, ya rubuta nasa. Gida ɗaya, gasa ɗaya, maɗaba'a ɗaya. Da wuya a sami awo mai adalci da ya fi wannan.

Ruwan Bagaja ɗan ƙaramin littafi ne, mai saurin karatu yana iya gama shi tsakanin la'asar da lisha. Alhaji Imam, mutumin Kwantagora, ya bar gida don neman wani ruwa mai warkar da cuta, saboda an kunyata Liman a fada da ya ce wannan ruwa ne maganin ciwon ɗan Sarki. Ya shekara da shekaru yana yawo, ya shiga hannun aljanu, a ƙarshe ya komo da ruwan. To, sai mai karatu ya gwada wani abu: ya sami dattijai biyar da suka karanta littafin suna yara, ya tambaye su abin da suka riƙe. Da ƙyar zai sami wanda zai iya jero masa yadda aka bi aka kai ga rijiyar, ko wane aljani ne ya yi wace hidima. Amma da ya ambaci Malam Zurƙe ɗan Muhamman zai ga haƙora a waje tun kafin a fara ba da labari.

Kowa ya tuna ranar da suka fara karawa. Alhaji ya sauka wani gari yana cin abinci da malantar da ba shi da ita, sai ga Zurƙe, wanda shi ya yi karatun gaske, ya zo zai tona masa asiri a gaban Sarki da jama'a. Alhaji ya duƙa ya zana wata ƴar lanƙwasa a ƙasa ya ce a faɗa masa mene ne wannan. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen haruffan allo ɗaya bayan ɗaya, Alhaji yana girgiza kai, daga bisani ya bayyana wa taron cewa ai jinjirin wata ne. Jama'ar da ba su san baƙi ba amma sun san wata suka goyi bayan maƙaryaci, aka kori malami da ihu. Daga nan suka yi ta haɗuwa gari gari, yau wannan ya kayar, gobe wancan ya rama.

Babu aljani ko ɗaya a wannan fage, babu takobi, babu tsafi. Abin da ke ciki allo ne da ganin wata, abubuwa biyu da kowane Bahaushe ya tashi da su, da kuma wata gaskiya mai ɗaci wadda duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ko a buro ya sani, cewa mai baki yana iya kayar da mai sani in alƙalan jahilai ne. Hikimar Imam ita ce ya fara sayen amanar mai karatu da irin wannan, a cikin gajerun jimloli masu gudu kamar hirar zaure, inda kowane mutum ke magana da bakinsa, Sarki da irin tasa, ɗan kasuwa da irin tasa. Kafin a iso ga aljanu mai karatu ya riga ya saki jiki, ko ina aka ja shi zai bi.

A nan ne masu cewa labari shi ne kaya za su ɗan ji kunya, domin kayan da Imam ya ɗauko yawancinsu na aro ne, kuma shi kansa bai ɓoye ba. Wayon Alhaji ya samo asali daga Abu Zaidu na cikin Maƙamat ɗin Hariri, malamin Basra da ya rasu a 1122, littafin da manyan almajirai ke karantawa a zaurukan Katsina da Damagaram tun kafin zuwan Nasara. Neman ruwan da zai warkar da mai sarauta kuwa yana cikin tatsuniyoyin da ƴan'uwan nan Jamusawa, su Grimm, suka tattara. Aljanun kuma kowa ya san ƴan gidan Dare Dubu da Ɗaya ne. Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin wannan al'amari: turmin atamfa ɗaya ne ake yanka wa mata biyu, ɗaya ta kai wa gwanin tela, ɗaya ta kai wa ɗan koyo, ranar biki kuwa ba mai yarda cewa daga kanti ɗaya suka fito. Abin da yake na Imam a cikin Ruwan Bagaja shi ne ɗinkin.

Ya maimaita wannan aiki a babban faifai cikin Magana Jari Ce, littafi uku da aka buga daga 1937 zuwa 1939, inda wani aku ke tsare Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Labarun sun haura 80, an ɗebo su daga Larabawa da Indiyawa da Turawa. Labarin Kalala da Kalalatu, na matar da ta cinye kajin da aka soya wa baƙo, sannan ta tsorata baƙon da wuƙar da mijinta ke wasawa har ya ranta a na kare, shi ma daga taskar su Grimm ya fito, inda wata kuku ce ta yi wa maigidanta haka. Amma a je a gaya wa tsohuwar da aka karanta wa labarin a tsakar gida cewa Kalalatu Bajamushiya ce, a ga irin kallon da za ta yi wa mutum.

Ganɗoki kuwa wani darasi ne dabam, kuma ya fi ban sha'awa ga mai son gane inda gizo ke saƙa, domin littafi ɗaya ne mai rai biyu. A kashin farko jarumin yana cikin mayaƙan Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse lokacin da Turawan Ingila suka ci Kwantagora a 1901, ya kuma bi sahun Sarkin Musulmi Attahiru har zuwa Burmi, inda aka yi gumurzun 1903. A nan alƙalamin Bello Kagara wuta yake ci. Kirari yana bin kirari, ana jin kuwwar mazaje da haniniyar dawaki, mutum yana karantawa yana jin kamar ya miƙe tsaye. Marubucin an haife shi a ƙasar da aka yi abin, ya tashi cikin mutanen da suka ga yaƙin da idonsu, ya san sunan kowane makami da kowace sarauta. A kashi na biyu Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka nufi gabas, suka yi aikin hajji, suka faɗa ƙasashen aljanu da matsafa, suna yaƙi suna cin nasara. Abin mamaki, nan inda al'ajabi ya fi yawa nan ne littafin ya fi sanyi. Wannan yaƙi ya yi kama da wancan, abokan gaba ba su da fuska, kuma tun da mai karatu ya tabbata ba abin da zai sami Ganɗoki, zuciyarsa ba ta bugawa. Masu ƙaunar littafin, kuma suna da yawa, in suna yabonsa kusan kullum Kwantagora da Burmi suke ambata.

Alƙalami ɗaya ne ya rubuta kashin biyu, nahawu ɗaya, ƙwarewa ɗaya. Bambancin shi ne a farko marubucin yana faɗin abin da ya ji ƙanshinsa, a na biyu yana faɗin abin da ya ji an ce. Wannan ya nuna cewa abin da ake kira kyan rubutu ya fi gaban iya jera kalmomi. Ya haɗa da sanin wurin da ake magana a kansa har a iya ambaton ƙaramin abin da zai sa a yarda da babba, ya kuma haɗa da barin jarumi ya kasance yana da abin da zai iya rasawa. Alhaji Imam an ɗaure shi, an doke shi, an yi masa dariya, shi ya sa mai karatu ke tsaya masa.

Sai dai kuma kada kashi na biyu, masu kare harshe, su yi saurin buga tambari, domin su ma akwai ramin da suke yawan faɗawa. Da yawansu in sun ce littafi ba shi da Hausa, abin da suke nufi shi ne an bar ƙugiyar wani harafi, ko an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ko kuwa marubucin bai yayyafa kalmomin Larabci masu nauyi ba. Waɗannan aikin mai gyaran rubutu ne, kuma suna da muhimmanci, amma da su kaɗai ake awo da an yi asarar manyan littattafai. Labarin Amos Tutuola ya isa misali. Bayarabe ne mutumin Abekuta, karatunsa na boko bai wuce shekara shida ba, yana aikin masinja a wani ofishin gwamnati a Legas ya rubuta labarin wani mashayin bammi da ya tafi garin matattu neman mai yi masa ɗibar bammi da ya faɗo daga bisa itace ya mutu. Kamfanin Faber na Landan ya buga shi a 1952 da Ingilishinsa mai karkace-karkace, ba a miƙe shi ba sai kaɗan. Mawaƙin nan Dylan Thomas ya yabe shi a jarida, a 1953 kuma Raymond Queneau ya juya shi zuwa Faransanci da sunan L'Ivrogne dans la brousse. Su wa suka fi kowa fushi? Ƴan bokon Nijeriya. Suka yi ta aika wasiƙu ga mujallu suna cewa wannan mutum ya kunyata su a gaban Turawa, bai iya nahawu ba, kuma labarun ma ya kwaso su ne daga D. O. Fagunwa, wanda ya riga shi rubuta irinsu da Yarabanci tun 1938. Sai da Chinua Achebe ya tsaya a Jami'ar Ibadan a 1977 ya kare shi. Tutuola ya rasu a 1997, littafin kuwa an fassara shi cikin harsuna da dama, kuma ba wanda ya karanta ya manta da cikakken mutumin nan kyakkyawa da ya zo kasuwa da gaɓoɓin haya, yana komawa daji yana mayar wa masu su ɗaya bayan ɗaya har ya zama ƙoƙon kai kaɗai. Nahawunsa ya karye, muryarsa ba ta karye ba, kuma da wani mushe ya zauna ya gyara masa jimlolin tsaf, wataƙila da muryar aka gyare.

A ƙasar Turawa ma an yi irin wannan, sai dai can manyan masana ne suka tsaya gefe guda, talakawan masu karatu suka tsaya ɗaya gefen. Littafin J. R. R. Tolkien da ma'aikata suka sani da sunansa na Faransanci, Le Seigneur des anneaux, ya fito a Ingila a 1954 da 1955. A 1956 wani babban mai sharhi na Amurka, Edmund Wilson, ya yi masa kaca-kaca, ya ce shirmen yara ne. A 1961 abokinsa C. S. Lewis ya gabatar da sunansa don kyautar Nobel, kuma da aka buɗe takardun kwamitin a 2012 sai aka ga an ture shi ne bisa hujjar cewa rubutunsa bai kai matsayin ƙoli ba. Amma da aka tambayi masu karatun Birtaniya a 1997 wane ne littafin ƙarni, shi suka zaɓa, suka kuma sake zaɓensa a 2003 a ƙuri'ar gidan BBC. Masu cewa harshe jaki ne suna son kafa hujja da wannan, su ce ga shi nan, masana sun ƙi rubutun, jama'a sun so labarin. Abin da ya faru a Faransa ya rushe wannan hujja. Fassarar farko, ta Francis Ledoux, ta fito a 1972 da 1973, masu karatu suka yi shekaru suna ƙorafi a kan kurakuranta, har kamfanin Christian Bourgois ya sa Daniel Lauzon ya sake sabuwa daga 2014 zuwa 2016. Da sabuwar ta fito sai wata rigimar ta tashi, domin an sauya sunaye, jarumin da aka sani da Frodon Sacquet ya koma Frodo Bessac, waɗanda suka girma da tsohon suna suka ce ba su san wannan baƙo ba. Labarin bai canza ko da taƙi ɗaya ba. Mutanen da ake cewa ba ruwansu da harshe su ne suka yi ta faɗa a kan kalma biyu.

To, ina wannan ya bar littattafan yaƙi na Kano, waɗanda su ne ainihin abin da ake gardamar a kansu a rumfuna? Tun daga wajejen ƙarshen shekarun 1980, lokacin da matasa suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, wannan reshe ya tsiro kusa da na soyayya, da sadaukai da sarakunan bokaye da birane masu sunaye irin na Gabas. Adalci ya wajaba a yi musu. Sun sa dubban samari da ƴan mata karatun Hausa a lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i suka yi barci, kuma a cikin marubutansu akwai masu ƙirƙira ta gaske, waɗanda suka iya tsayar da labari a daidai inda mai karatu ba zai iya barci ba sai ya nemo na gaba. Wannan ma gwaninta ce, masu raina ta su gwada su gani.

Amma ciwon kashi na biyu na Ganɗoki ya zama annoba a cikinsu. Kowane sadauki ƙirarsa ɗaya, kowace gimbiya kyanta ɗaya, kowane sara sai ya tsaga ƙasa, kowane boka sai ya bushe da dariyar mugunta kafin ya buɗe baki. Sihiri ba shi da doka: abin da ya gagari jarumi a shafi na 10 sai ya yi shi cikin sauƙi a shafi na 40 ba tare da an faɗi abin da ya biya ba. Tatsuniyar da kaka ke yi a gindin murhu ma ta fi haka tsari, domin a can in an ce kada ka waiwaya, ka waiwaya, to sai ka gani a ƙwaryar shanka. Mai karatu yana gama littafin da daɗi a bakinsa kamar wanda ya sha rake, bayan sati biyu a tambaye shi sunan jarumin sai ya haɗa shi da na wani littafin.

Laifin ba na marubuta kaɗai ba ne, kuma a nan ƴan kasuwa ya kamata su saurara. Tsarin cinikin ne ya haifi salon. Marubucin da ya biya maɗaba'a da kansa ba ya iya buga littafi mai kauri, sai ya yanka shi kashi uku ko huɗu, kuma tun da kowane kashi kuɗi ne, ribarsa tana cikin jan labari. Dillali yana matsa masa ya kawo na gaba tun kasuwar na farko ba ta huce ba. Tsakanin hannun marubuci da injin bugawa babu wani ido na biyu. A gwada wannan da yadda aka yi Magana Jari Ce: a 1936 an ɗauke Imam daga aji aka kai shi Zariya, ya yi wata shida ba shi da wani aiki sai wannan, ga tarin littattafai an ajiye masa, ga East yana bin abin da ya rubuta yana mayar masa da shi in bai gamsu ba. Ko Imam, da baiwarsa duka, sai da aka ba shi lokaci da mai duba masa. Saurayin da ke rubutu da dare bayan ya taso daga shago ba shi da ko ɗaya.

Akwai wani ma'auni da masu karatun wannan ƙasa suka fi maƙwabtansu riƙo da shi, ko da ba su ba shi suna ba. Da yake karatun lakwal da Faransanci aka gina shi, kuma makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida, waɗanda aka fara a Damagaram a 1973, ba su game ƙasa ba, mutane da yawa a Maraɗi da Tawa da Damagaram da kunne suka san littattafan Hausa. Wani ne ke karantawa a zaure ko a fada saura na saurare, ko a ji a rediyo, daga baya kuma aka koma ji a wayar hannu. Kunne kuwa alƙali ne marar sabo. Ido yana iya tsallake shafi uku na surutu ya wuce, amma mai karantawa a fili dole ya furta kowace kalma, kuma a nan ake gane jimlar da ba ta da numfashi, da maganar da ba wani Bahaushe da zai faɗe ta haka, da kirarin da aka maimaita sau bakwai. In jama'a suka fara tashi ɗaya ɗaya suna cewa bari su dubo wani abu, hukunci ya riga ya fita. Shafin Imam kuwa kamar don baki aka yi shi, har wanda bai iya karatu sosai ba in ya kama shi sai a ji kamar gwani ne. Mai sarin littafi da zai buɗe tsakiya ya karanta wa yaran shagonsa shafi guda kafin ya biya kuɗin katan, da ya rage yawan kayan da ke shan ƙura a rumfarsa.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi shafar wannan gefen iyaka. Duk littattafan Hausa da aka ambata a sama daga kudu suka zo. Ba don ƙasar nan ta rasa abin faɗa ba ne. Abdullahi Mamani ya nuna haka a 1980 da littafinsa Sarraounia, inda ya ɗauki labarin Sarauniyar Aznan Lugu, wadda ta yi tsayayya da rundunar Voulet da Chanoine a 1899, ya haɗa tarihi da abin da ake faɗa game da asirinta, ya yi mata fuska da murya. Kafin littafin, labarinta bai yi nisa da ƙasar Arewa ba. Bayansa Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Wagadugu a 1987, sunanta ya hau kan makarantu da ƙungiyoyi. Alƙalamin mutum ɗaya ne ya yi wannan aiki. Amma da Faransanci ya rubuta, ke nan jikokin mutanen Lugu da ba su shiga lakwal ba sai dai a ba su labari. Bubu Hama shi ma ya zuba aljanun kogin Kwara da na daji a cikin littattafansa, shi ma da Faransanci.

A cikin watan Maris na 2025 kundin da hukumomin Yamai suka fitar ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Yaron da zai koyi karanta ta zai nemi abin da zai karanta in ya fito daga aji, kuma ba takardar sanarwa zai nema ba, labarin aljanu da mazaje zai nema. Bawa Jan Gwarzo na Gobir, da Ɗan Baskore da Ƙaura Hasau na Maraɗi, da Tanimun na Damagaram da igwoyinsa, da iskokin bori da kowannensu ke da suna da hali da abincin da yake so, duk sun fi zama a bakin maroƙa da makaɗa da tsofaffi fiye da cikin littafin hira. Kayan suna nan jibge, turmi bisa turmi, kuma ba na aro ba ne.